A Tono Gidajen Dara



Ƙara na kawo, kuma mu ɗin nan nake ƙara. Mu da ke kwaleji da lise a Agye da Gazawa da Gidan Runji, da yayyenmu da suka wuce Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi suna dawowa hutu da jaka a kafaɗa. Laifinmu shi ne mun yar da wasannin da ke wasa mana ƙwaƙwalwa kyauta, mun rungumi wanda ke cinye ɗan abin da ke aljihunmu, sannan muka sa wa wannan suna wayewa.

Wanda ke musu ya hau mota ya bi kwalta tun daga Gidan Runji, ya ratsa Tsibiri da Maraɗi da Caduwa da Agye har Gazawa, ya riƙa leƙa fada-fada bayan la'asar. Butar shayi tana nan kan gawayi, benci yana nan, samari shida ko takwas suna nan. Amma kowa kansa a sunkuye, babban yatsa na ta aiki a kan salula. Wani yana lido shi kaɗai da na'ura, wani yana duba ko ƙungiyar da ya zuba wa dala arba'in a wata ƙasar Turai ta ci. Idan ka ji an yi magana, to "ara mani caja" ce. Ƙasar da ke gaban bencin a share take tas, babu ramin dara ko ɗaya. Shekaru kaɗan baya, da wuya ka samu inuwar gawo ko ta bedi a garuruwan nan da ba a tona gidajen dara a ƙarƙashinta ba.

Bari in tuna mana abin da muka yar, don na san cikinmu akwai wanda zai ci Bak bana bai taɓa riƙe ɗan dara ba.

Darar ƙasa gida 30 gare ta, layi biyar, kowane layi gida shida. Mutum biyu ke yi, kowa da ƴaƴa 12. Ɗaya ya karya karan gero ko tsinke, ɗaya ya tsinci tsakuwa ko ƙwallon dabino ko kashin raƙumi, don a bambance. Da fari ana dasawa ne ɗaya bayan ɗaya, ni in sa, kai ka sa, kuma ba a yarda ka jera uku a lokacin dashe ba. In an gama, gida shida kaɗai suka rage babu kowa, sai a shiga tafiya: taki ɗaya gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Duk wanda ya jera uku cif ya ci, sai ya cire ɗan abokin karawarsa guda. Huɗu a jere ba ci ba ne. Wanda ƴaƴansa suka koma biyu ya mutu, tunda ba ya iya jera uku kuma. Dokar ke nan, yaro ɗan shekara bakwai zai haddace ta kafin shayi ya nuna. Amma je ka zauna gaban tsoho a Gangara ko Cadakori ka gani. Tun wajen dashe ya gama da kai ba ka sani ba. Yana ajiye kara a wani lungu kamar bai san abin da yake ba, sai can tsakiyar wasa ka tarar ya kafa doki, wato ɗa guda da in ya matsa nan ya jera uku, in ya koma can ya jera uku, yana cin ka a kowane taki kana kallo. Zabarmawa na kiran wasan dili, ana yin sa har Burkina Faso, ana yin sa ƙasar Dakarkari a Najeriya.

Sai ɗaya darar, mai gida 12, shida nan shida can, kowane gida da ƴaƴa huɗu, jimla 48. Ita ce iyayenmu mata da yayyenmu suka fi yi a tsakar gida, a kwashe gida a riƙa zubawa ɗai-ɗai ana zagayawa. Mu kuwa masu boko muna yi mata kallon wasan mata da yara. To ku ji. Ƴar'uwarta ce ake kira aware a Gana, awale a Kodebuwa, ayo a ƙasar Yarabawa. A shekarar 2002 wasu masana kwamfuta biyu na wata jami'a a Amsterdam, John Romein da Henri Bal, sun sa manyan na'urori sun bi duk yanayin da allon wannan wasa zai iya kasancewa, suka samu ya haura miliyar 889, kuma suka gano cewa in gwani ya haɗu da gwani babu mai kuskure, kunnen doki za a tashi. Abin da Turawa suka tara injuna don su gane, shi ne kakarka ke lissafawa da ka tana tsinke zogale. Har harshenmu ya ɗauka: in mutum ya ƙulla wa wani sharri ya dawo kansa, ko rikici ya koma cikin dangi, sai a ce dara ta ci gida. Muna faɗin karin maganar a muhawarar lakwal, ba mu san gidan da ake nufi ba.

Akwai kuma baƙin da suka zo suka zama ƴan gari. Dami, mai gida 100 da ƴaƴa 20 kowane ɓangare, wanda kafinta ke zana wa a guntun katako a yi ƴaƴan da marfin kwalba, wasu a kife wasu a buɗe. A dami ci dole ne, in hanya biyu ta samu kuma sai ka bi wadda ta fi yawan ci, shi ya sa gwani ke ba ka ɗa guda kana murna, ya kwashe maka uku. Wani ɗan Senegal, Baba Sy, ya kai ƙololuwar duniya da wannan wasa. Karawar da ya kamata ya yi da zakaran Tarayyar Sobiyet a 1963 ba a yi ta ba, ya rasu a 1978, sai a 1986 hukumar dami ta duniya ta amince cewa shi ma zakaran duniya ne na wancan lokaci. Belot ta zo mana daga Faransa: karta 32, mutum huɗu, biyu-biyu, maki 162 a kowane zagaye, kuma in ba ka riƙe lissafin abin da ya faɗi a ka ba, abokinka zai gaya maka magana. Wot ta hauro daga Najeriya tare da ƴan kasuwa da ƴan ci-rani, asalinta Ingila ce tun 1935, mai tauraro da da'ira da kuros, wadda in ba ka da abin sakawa a tura ka kasuwa. Lido kuma jikan wani tsohon wasan Indiya ne mai suna pachisi, Ingilishi suka yi masa rajista a 1896. Waɗannan su ne suka raya daren hutu a zamanin yayyenmu, da fitilar ƙwai ko tocila a ɗaure a reshe.

Me ya kore su? Na san amsar da za a ba ni: zamani. Wai kowane zamani da abinsa. Yo zamani shi ya hana ka tona rami talatin a ƙasa? Kokawa ta girmi kakan kakanmu, amma duk shekara in ana gasar takobi ƙasar nan tsayawa take cak, ministoci na zaune, rediyo na kururuwa, ba wanda ya ce kokawa ta tsufa. Abin da ya kori dara raini ne, kuma rainin namu ne, mu ƴan lakwal. Mun ɗauka duk abin da ake yi a zaune a ƙasa, da tsinke da kashin raƙumi, na wanda bai je aji ba ne. Ɗalibi zai yi alfahari ya iya sunayen ƴan wasan Real Madrid har da na benci, amma ya ji kunya a gan shi tsugune gaban manomi yana koyon dashe. A 2025 an rubuta cikin kundin ƙasa cewa Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, muka yi ta tafi, muka yi ta turawa a WhatsApp. Madalla. Sai dai harshe ba ƙamus ba ne kawai. In abubuwan da kalmomin ke nufi sun mutu a hannunmu, me muke tafawa?

Yanzu ga abin da ya maye gurbin, mu yi masa lissafi tunda mu ne masu karatun lissafi. Cacar ƙwallo a salula. Ka zaɓi wasa goma a takarda ɗaya don ribar ta yi kauri. Mu ɗauka ma kowane wasa rabi da rabi ne, ko ka ci ko ka faɗi, kamar jefa dala sama. Damar ka ci duka goman ita ce ɗaya cikin 1024. Wannan ba ra'ayina ba ne, biyu ce ka ninka sau goma. Kuma mai kamfanin bai taɓa biyan ka daidai da haɗarin da ka ɗauka ba. Misali, a wasan rabi da rabi, in ni na zuba 100 a nan kai ka zuba 100 a can, ya karɓi 200, wanda ya ci a ba shi 190, goma ta zauna wurinsa ko wa ya yi nasara. Shi ba ya caca, ku ke yi. In kana zuba dala arba'in kullum, wato tamma 200, a wata jikka shida ke nan, a shekara jikka 73. Je ka tambayi mahaifinka tiya nawa ta gero ko ta aya zai kai kasuwar Caduwa kafin ya haɗa jikka 73. Kuɗin nan kuwa mun san inda suke fitowa: kuɗin karin kumallo, kuɗin fotokofi, kuɗin da inna ta ƙulle a bakin zane ta ce a sayi littafi. Banza ba ta kai zomo kasuwa, amma kullum muna layi wurin mai cewa za ta kai.

Dara fa? Ko tamma ba ta karɓa. In ka faɗi, abin da ka rasa shi ne a yi maka dariya, gobe ka dawo da sabuwar dabara. Wanda ya faɗi a dara ya san inda ya yi kuskure, zai iya nuna maka gidan da yatsa. Wanda ya faɗi a cacar ƙwallo bai koyi komai ba, don ba shi ya buga ba, wani ne a Ispaniya ya ɓarar da fanareti. Shi ya sa ɗan dara ke ƙara gwaninta da shekaru, ɗan caca kuwa bashi kawai yake ƙarawa.

Wani zai ce, to ai ana yin lido da dami da karta a cikin salula, mene ne bambanci? Bambancin shi ne mutum. A wasan gaba da gaba kana koyon karanta fuska, ka ga hannun abokinka ya yi jinkiri ka san ya rikice. Kana koyon a ci ka a gaban jama'a ka haɗiye, ka miƙa hannu, ka sake tona gida. Kana koyon ka ci babba ba tare da ka yi masa rashin kunya ba, wanda shi ma ilimi ne mai wuya. Na'ura ba ta yi maka ba'a, ba ta jin kunya, in ta matsa maka sai ka kashe ta ka sake sabo. Yaron da ya tashi bai saba faɗuwa a gaban mutane ba, shi ne ranar da sakamakon jarrabawa ya fito babu sunansa zai rasa inda zai sa kansa. Kuma wurin dara ne kaɗai na sani inda ɗan shekara 16 da ɗan shekara 60 ke zama ƙasa ɗaya, doka ɗaya, a yi awa guda. Cikin wannan awar ake jin labarin yunwar 1984, da yadda aka bar sassaben gawo ya dawo da itace gonakin Agye, da wanda ya auri wa, da dalilin da ya sa gonar wane ta tsaya inda ta tsaya. Ba wanda zai kira ka ya ce zo in ba ka tarihi. A bakin wasa yake zubowa.

Ku tuna watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke mana wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka yi watanni ana fama. Cajin salula ya zama abin bin layi da biyan kuɗi. A unguwarmu na ga samari sun yi zugum kamar an yi rasuwa, ba su san yadda ake hira ba. Waɗanda ba su damu ba su ne tsofaffin bakin masallaci, don wasansu ba ya cin batir. Abin nishaɗin da wani zai iya kashe maka daga wata ƙasa da maɓalli ɗaya, aro ne. Haka kuma tun 2019 da ƴan'uwanmu na Sakkwato da Zamfara suka fara gudo wa ƴan bindiga suna shigowa yankin Gidan Runji, mutum ya zo ba kaya, ba takarda, ba lambar waya mai aiki, amma in an tona gida talatin ya san inda zai sa karansa. Baƙo da ɗan gari sun samu abin da za su zauna a kai.

Ban manta da iyayenmu da malamanmu ba, masu cewa duk wannan zaman banza ne, karta kuwa caca ce. Maganarsu tana da tushe, ba zan yi kamar ban sani ba. An ga gidajen da karta ta rusa, an ga wanda ya sayar da akuyar matarsa a kanta. Alƙur'ani ya haramta caca a Suratul Ma'ida, hadisi ya yi hani ga wasan nardi mai ƙwayar jefawa, wanda ya sa malamai da yawa ba su yarda da lido ba, kuma Imamu Malik da muke bin mazhabarsa bai so ko shaɗaranji ba. Ni ɗalibi ne, ba na ba da fatawa, wanda zuciyarsa ba ta kwanta da lido ko karta ba ya bar su, ya tambayi malaminsa. Amma ina roƙon iyayenmu su dubi abin da ya faru. An kori yara daga kan tabarmar karta, inda kowa ke ganin su, inda in an sa kuɗi maƙwabci zai gani ya faɗa. Yaran suka shige ɗaki da salula. Yanzu cacar tana cikin aljihu, ba ta da ƙara, ba ta da tabarma, ana yin ta a cikin aji, ana yin ta har a sahun baya na masallaci. Uba na ganin ɗansa shiru a ɗaki yana godiya ga Allah ya shiryu. Garin neman gira an rasa ido. In za a yi faɗa, a yi shi da inda kuɗi ke shiga, a bar yaro ya tona ƙasa a ƙofar gida inda ido ke kansa.

Batun ɓata lokaci kuma, gaskiya ne dara na iya cinye yini, har a kira salla mutum na cewa bari in ƙarasa. Wannan laifi ne, kuma maganinsa iyaka. Amma mai wannan ƙorafi ya buɗe salularsa ya duba awa nawa ya yi jiya yana kallon bidiyon mutanen da bai sani ba suna rawa. Wasan dara yana da ƙarshe, wani ya ci, a share ƙasa a tashi. Bidiyon nan an gina su ne don kada su ƙare.

Ƴan'uwa mata, ku ma da ku nake. Fada ta maza ce, an sani, kuma ba na ce ku je ku zauna can ba. Amma dara mai gida 12 a hannun mata ta rayu, kuma a hannunku take mutuwa. In kakarki na da rai, wallahi ta fi malamin lissafinku saurin ƙidaya. Ki sa ta koya maki kafin a wayi gari babu ita. Kuma ba inda aka rubuta cewa mace ba ta dami. A filin lakwal, lokacin hutun ƙarfe goma, ba mai hana ki zama ki lallasa ɗan ajinku mai yawan baki.

Ga abin da nake nema, kuma ba ya buƙatar wata ƙungiyar agaji ko takardar neman tallafi. Kowace fada ta ɗalibai ta tona gidajen dara a gabanta, ta sa kafinta ya zana mata allon dami, a tara marfin kwalba arba'in. A ajiye salula a cikin kwano ɗaya na awa guda, wanda ya fara ɗauka shi ke sayen sukarin gobe. Doka uku: ba a sa ko dala, in an kira salla an tashi, in jarrabawa ta matso an rufe. Ƙungiyoyin ɗalibai da ke shirya wasan ƙwallo tsakanin azuzuwa su ƙara gasar dara da dami, a gayyato tsofaffin gari su yi alƙalanci, a ga ko ɗan ajin ƙarshe mai kimiyya zai kai labari gaban mai sayar da goro.

Mu kuma masu rubutu a wannan ɗan littafi, akwai aikin da ya hau kanmu. Dokar dara ba ɗaya ba ce ko'ina. Wani gari an yarda ka cire ɗa daga cikin ukun da abokinka ya jera, wani gari ba a yarda ba. Sunayen dabaru sun bambanta, ba'ar da ake yi wa wanda aka ci ta bambanta. Duk wanda zai tafi hutu, na Gazawa da na Gangara, na Saye Sabuwa da na Gidan Sori, ya tafi da littafi da biro, ya zauna gaban gwanin garinsu, ya bari a ci shi sau goma, ya rubuto yadda suke yi da Hausar da suke faɗa. Mu haɗa, mu buga a fitowa ta gaba, ko shafi huɗu ne. Tsofaffin nan ba za su jira mu gama digiri ba.

Wanda kuma yake ganin na yi ƙarya, dara wasan ƴan ƙauye ce da ba ta buƙatar ƙwaƙwalwa, hanya a buɗe take. Ya zo da tsakuwarsa goma sha biyu, ni zan zo da kara.